Sarki, Sultan, Shugaba: Tambayoyi da Amsoshi a kan Sunayen Masu Mulki

Kakana, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai taɓa cewa "shugaban Amurka" ba. In an gama labaran safe ya rage muryar rediyo, sai ya waiwayo ya ce, "Yau kuma me Sarkin Amurka ya ce?" Mu jikoki mu bushe da dariya, mu ce, "Tsoho, ai can ba su da sarki, zaɓe suke yi." Shi kuwa ko a jikinsa. "Yana da fada? Yana da dogarai? In ya ce a kama mutum ana kamawa? To, sarki ne." Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin rashin boko. Sai da na girma na gane cewa tsohon yana amfani da kalmar ne yadda Hausa ta ajiye ta, mu ne muka ƙuntata ta. Tambayoyin da ke ƙasa yawancinsu daga irin wannan gardama suka fito, ta zaure da ta aji.

Mene ne ainihin ma'anar "sarki"?

Wanda aka ɗora a kan jama'a ko a kan wani sha'ani, aka kuma yarda maganarsa ce ta ƙarshe a can. Shi ya sa kalmar ta ɗauki Sarkin Kano, ta ɗauki sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin ruwa, sarkin noma, sarkin aska, sarkin kasuwa, har da sarkin makafi. Kuma ba wasa ake yi ba in an faɗa. Na taɓa halartar naɗin sarkin pawa a garinmu ina yaro: aka kai shi gaban hakimi, ya faɗi ya yi gaisuwa, aka naɗa masa rawani, mahauta suka rako shi gida da kalangu. Washegari in mahauci ya yanka dabba mara lafiya, gabansa za a kai shi, shi kuma ya amsa tambaya a fada.

Wannan kalma tamu ce ta gado. Amma kusan duk sauran kalmomin da muke zagaye ta da su aro ne. Mulki, daula, hukuma, siyasa, majalisa, hakimi, waziri, alƙali, duk daga Larabci suka shigo. Galadima, Ciroma da Yarima daga Barebari. Gwamna, gwamnati, minista, sanata, kansila, ciyaman, daga Turanci. In ka jera su ka dube su da kyau, kamar kana duban tsohon bango ne da aka yi ta yaɓawa, kowane zamani da nasa yaɓe.

Me ya sa a Turance ake ce wa sarakunanmu Emir, ba a kiransu da sunan da Turawa ke kiran nasu sarkin?

Kalmar ba ta Turawa ba ce, Larabci ce, amir, wato mai ba da umarni a madadin na sama da shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya soki sunayen sarautun Haɓe, wato sarakunan Hausa na kafin jihadi, ya ce a riƙa kiran shugaban kowace ƙasa amirinta, babbansu kuma Amirul Muminina. Waɗanda aka ba tuta suka ci Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi, a takardun Larabci amirai ne, wakilan Sakkwato. Da Ingilishi suka ci ƙasar a 1903, wannan suna ya yi musu daidai, domin yana nuna akwai wani a sama, su kuma sun ɗauki kansu su ne suka gaji wannan saman.

Bakin talaka kuwa bai taɓa sakin tasa kalmar ba. An yi jihadi, an sauya gidan sarauta, amma a kasuwar Kurmi Sarkin Kano dai ake cewa. Sarautun da Shehu ya soka ma ba su daɗe a kwance ba. A Kano, zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, aka dawo da su Galadima da Madaki da sauran tsarin Gidan Rumfa, don an ga ƙasar ba za ta riƙu ba sai da su.

Sarkin Musulmi ne daidai ko Sultan?

Sarkin Musulmi fassarar Amirul Muminina ce, laƙabin da aka yi wa Shehu mubaya'a da shi a Gudu a 1804, ɗansa Muhammadu Bello ya gada a 1817. Sultan kuwa Turawan mulki ne suka tsayar da shi a takardunsu bayan sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka naɗa Attahiru na Biyu, yayin da Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'arsa har aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Bambancin ba ƙarami ba ne. Sarkin Musulmi sunan mutane ya kama, ba shi da iyakar ƙasa. Sultan na Sakkwato kuwa sunan gari ya kama. Turawa sun san abin da suke yi.

A Nijar kalmar sultan tana da tushe nata daban. Sarkin Abzin da ke Agadas da Sarkin Damagaram da ke Zinder an daɗe ana kiransu haka, kuma Damagaram ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba, Borno take bi.

Na ji ana cewa Daular Usmaniyya a Sakkwato, na kuma ji ana faɗar ta a Turkiyya. Guda nawa ce?

Biyu ce, kuma ba abin da ya haɗa su sai sunan Usman. Ta Turkiyya sunan Usman ɗan Ertugrul ta ɗauka, ta yi sama da shekara 600, ta riƙe Makka da Madina da Masar, aka rushe sarautar sultan ɗinta a 1922, halifancinta a 1924. Tamu sunan Shehu ta ɗauka, kuma shekara ɗari ba ɗaya ta yi kafin zuwan Turawa. Mai rubutu ya taimaki mai karatu ya ce "ta Sakkwato" ko "ta Turkiyya".

To me ya sa na Borno Shehu ne, na Adamawa Lamiɗo?

Kowanne da labarinsa. Sarakunan Borno na dā, gidan Saifawa, Mai ake ce musu, irin su Mai Idris Alauma. Da mayaƙan jihadi suka taso wa Birnin Gazargamu, wani malami ne, Muhammadul Amin Alkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya tsaya ya ceci ƙasar. Iko ya koma hannunsa a hankali, Mai ya zama sai suna. Shi bai karɓi sunan Mai ba, ya tsaya a kan nasa na malanta, Shehu. Ɗansa Umar ne ya kawo ƙarshen gidan Saifawa a 1846, laƙabin malami ya zama sunan sarauta har yau. Amma Mai bai mutu ba, yana nan a Mai Bade, Mai Tangale, Mai Kaltungo da wasunsu.

Lamiɗo Fulatanci ne, daga laamu, wato mulki. Wanda ya kafa Adamawa, Modibbo Adama, shi ma da sunan malanta aka san shi, 'ya'yansa ne suka ci gaba da Lamiɗo. Da Turawa suka raba ƙasar, Yola ta faɗo Nijeriya, su Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba suka faɗa Kamaru, kowanne da lamiɗonsa. Haka Nufawa ke da Etsu a Bida, Jukunawa Aku Uka a Wukari, Igala Atta, Zabarmawan Dosso Zarmakoy. Mu dai duk Sarki muke ce musu in muna hira, Sarkin Nupe, Sarkin Wukari, kuma ba raini ba ne.

Yaya aka yi ake da Sarkin Katsina biyu, Sarkin Zazzau biyu?

Domin jihadi ya ci birane, bai cinye gidajen sarauta ba. Sarakunan Haɓe da aka kora sun tafi da sunansu da tamburansu. Na Katsina suka yi arewa suka kafa Maraɗi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can, ana ƙara "na Maraɗi" don a bambanta. Gobirawa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, suka ƙare a Tsibiri, kusa da Maraɗin. Kabawa suka tsaya a Argungu da sunan Sarkin Kabi. Na Zazzau suka yi kudu, Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka sa masa sunansa, Abuja. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birni a shekarun 1970, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, sarkinsa kuma har yanzu Sarkin Zazzau ne na Suleja. Daura ce ta fita daban: a can Turawa suka mai da tsohon gidan kan gadonsa a 1906.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi, a wannan tsari sarauta ba ta bin ƙasa kamar yadda gwamna ke bin jiha. Tana bin jini da jama'a. Mutum na iya rasa birni ya riƙe suna shekara ɗari biyu.

Duk wanda sunan sarautarsa ya fara da "Sarkin" babban sarki ne?

A'a. Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta na Kano hakimai ne. Sarkin Gobir na Gwadabawa yana ƙarƙashin Sarkin Musulmi ne. Sarkin Fada bafade ne. Abin da ke raba su shi ne sanda. A dā ana cewa sarkin yanka, wato wanda ke da ikon zartar da hukuncin kisa a ƙasarsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Turawa suka kawo sandar girma mai daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, gwamnonin jihohi suka gaje ta. Yanzu in ka ji an ce an ɗaga darajar sarki, wannan sandar ake nufi.

A ƙarƙashin sarki akwai hakimi mai riƙe da gunduma, sai dagaci, sai mai unguwa. Sunayen kan sauya: a Sakkwato da Zamfara uban ƙasa suke ce wa hakimi, a ƙasar Katsina za ka ji magaji, a Borno lawan da bulama, a Adamawa jauro, a rugar Fulani arɗo. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, kafin Turawa yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da fada, jakadu ne ke fita ƙauyuka su karɓo haraji. Turawa ne suka tilasta musu komawa gundumominsu. Wannan shi ne asalin gidan hakimi da kake gani a garuruwa da yawa.

Mai unguwa shi ne na ƙasa duka, amma in gaskiya za a faɗa shi ne wanda talaka ya fi sani. Shi ake tasa da tsakar dare in an tsinci yaro, shi ke sa hannu a cinikin fili, shi ke raba maƙwabta kan magudanar ruwa, galibi ba da wani albashin kirki ba.

Sarauta gado ce ko zaɓe?

Duka biyun, kuma nan ne mutanen waje suka fi yi mana kuskuren fahimta. A Ingila ana haihuwar yaro an san shi ne zai gaji gado. A ƙasar Hausa gida ne ke gado, ba mutum ba. In sarki ya rasu, 'ya'yansa da ƙannensa da 'ya'yan sarakunan baya duk suna iya nema, masu zaɓen sarki su zauna su tace. A Kano tsarin da aka gada na mutum huɗu ne: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma ba ɗayansu da ke iya zama sarki, wannan ne ya sa aka amince musu. A Zariya gidaje ne ke karɓa: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Da Shehu Idris na gidan Katsinawa ya rasu a 2020 bayan shekara 45 a kan gado, sarautar ta koma Mallawa, waɗanda suka yi kusan shekara ɗari ba su riƙe ta ba.

Don haka kuskure ne a riƙa fassara Ciroma ko Yarima da "mai jiran gado" kai tsaye. Sarauta ce da ake ba ɗan sarki, tana iya zama alamar inda zuciyar uban ta karkata, amma ba alkawari ba ce. Ciromomi nawa suka tsufa suna kallo. A zamanin nan kuma masu zaɓe suna miƙa sunaye ne kawai, alƙalamin gwamna ke yanke magana.

Matar sarki ita ce sarauniya?

A Hausa, a'a. Matar sarki matar sarki ce, babbarsu a ce uwargida ko uwar soro. Sarauniya mace ce mai riƙe da mulki da kanta, kamar Daurama ta Daura, ko Amina ta Zazzau, ko Sarauniyar Lugu a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi da ke Nijar, wadda ta tari rundunar Faransawa a 1899. Shi ya sa sunan ya zauna wa Elizabeth ta Ingila daram, har ta zo Kaduna a 1956 aka yi mata hawan daba. Masu fassarar labarai ne suka fara ce wa matan sarakunan Turai sarauniya don haka yake a harshensu.

Mata suna da sarautunsu a fada, kuma ba na ado ba ne. A Kano mahaifiyar sarki ita ce Mai Babban Ɗaki. Akwai Magajiya a wurare da dama, akwai Inna a Gobir, Iya a Maraɗi. A Zariya kuwa Iya ta koma sarautar maza. 'Yar sarki gimbiya ce.

Wa ake ce wa Mai Martaba, wa ake ce wa Mai Girma?

Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne. Mai Martaba na sarakuna masu sanda. Mai Girma na gwamna da shugaban ƙasa da hakimai, sannan 'yan siyasa suka yi masa rubdugu har kansila ma yanzu mai girma ne. In kana gaban sarki ba waɗannan za ka faɗa ba, za ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ɗaga hannu a dunƙule ka ce "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamaninka". Kada ka jira ya amsa da bakinsa. Dogarai ne za su ce maka an gaishe ka.

Su wane ne Razdan, Di'o da Kantoma da tsofaffi ke ambata?

Ma'aikatan Turawan mulki ne, bakin Bahaushe ya lanƙwasa sunayensu. Razdan shi ne Baturen da ke kan lardi, Di'o na ƙarƙashinsa. En'e kuwa hukumar gargajiya ce ta sarki, mai baitulmalinta da 'yan dokarta da gidan yarinta da kotunanta. A takarda Razdan mai ba sarki shawara ne, amma shawara ce da ba a ƙi. Kantoma asalinsa Baturen da ke hukunci a barikin gari ne. Kalmar ta ƙi mutuwa: yau duk wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba, kantoma ne, kuma ina ganin sunan ya dace da aikin.

Jamhuriya da dimokuraɗiyya abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake a rediyo suna yawan tafiya tare. Jamhuriya daga jumhur take, taron jama'a a Larabce, kuma abin da take nufi shi ne ƙasar da shugabancinta ba na gidan sarauta ba ne. Dimokuraɗiyya asalinta Girkanci ne, amma wannan ɗ da ke cikinta shaida ce cewa ta bakin Larabawa ta iso mana. Ita tambayar da take amsawa daban ce: shin jama'a na iya sauke mai mulki da ƙuri'a?

Saboda haka ana samun kowacce ba tare da 'yar'uwarta ba. Ingila da Holan da Japan suna da sarakuna, amma majalisar da aka zaɓa ce ke mulki. Koriya ta Arewa ta sa kalmomin biyu duka a cikin sunanta, amma tun 1948 gida ɗaya ke riƙe da ita, kaka, ɗa, jika. A Togo, Eyadema ya hau a 1967, ya mutu a 2005, ɗansa ya ɗora. Da kakana ya ji wannan, na san abin da zai ce.

Nijeriya ta sami 'yanci a 1960 amma ba ta zama jamhuriya ba sai 1 ga Oktoba 1963. A tsakanin nan Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a takarda, Azikiwe yana wakiltarta a matsayin Gwamna Janar tun daga Nuwamba 1960. Nijar kuwa ta riga: an shelanta jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, 'yanci ya biyo baya ranar 3 ga Agusta 1960. Lambar da ake liƙa wa jamhuriya tana ƙirga sabon tsarin mulki ne. Nijeriya tana ta huɗu tun 1999, Nijar ta ƙirga har bakwai.

Mene ne bambancin shugaban ƙasa da firaminista?

Aiki biyu ne da wasu ƙasashe ke haɗawa, wasu ke rabawa: zama uban ƙasa, da gudanar da gwamnati. A Jamhuriya ta Farko an raba su. Azikiwe ne shugaban ƙasa, amma iko yana hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda majalisa ta fitar. A Arewa ma haka, Sa Kashim Ibrahim ne Gwamna, Sardauna Ahmadu Bello Firimiya. A 1979 aka ɗauko tsarin Amurka aka haɗa su a hannun mutum ɗaya, Shehu Shagari ya fara. Jamus tana da shugaban ƙasa da ba kowa ya san sunansa ba, shi ya sa gidajen rediyon Hausa suka riƙa kiran Angela Merkel shugabar gwamnati har ta sauka a 2021, kuma sun yi daidai.

Nijar a dā ta bi sawun Faransa, shugaba da firaminista kowa da nasa iko. Tsarin yana tafiya lafiya in jam'iyyarsu ɗaya. A 1995 'yan adawa suka ci majalisa, Mahamman Usman ya wayi gari da Hama Amadu a matsayin firaminista, aka shiga zaman doya da manja, har taron ministoci ya riƙa gagara. A watan Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kwashe su duka.

Me "tarayya" take nufi a sunan Nijeriya?

Cewa jihohi 36 suna da ikon da tsarin mulki ya ba su, wanda Abuja ba ta da hurumin ƙwacewa: gwamnan da suka zaɓa, majalisarsu, kasafinsu. A Nijar ma ana cewa jihar Maraɗi, jihar Tawa, ana cewa gwamna, amma daga Yamai ake naɗo shi. Kalma ɗaya, nauyi daban. Kuma kada a ɗauka gardamar malaman jami'a ce. Da Janar Ironsi ya soke tsarin tarayya da doka mai lamba 34 a watan Mayun 1966, jini ya zuba a biranen Arewa, mutane na kiran "a raba", kuma wata biyu bayan nan aka hamɓarar da shi.

Daga ina muka samo su kama-karya, riƙon ƙwarya da tazarce?

Waɗannan namu ne, kuma a ganina sun fi na aro kaifi. Kama-karya ba ya buƙatar sharhi, ka kama ka karya. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun sha jifan En'e da mulkin danniya da mulkin mulaka'u. Riƙon ƙwarya hoto ne na wanda aka miƙa wa ƙwarya ya riƙe kafin mai ita ya dawo, bai kamata ya sha abin da ke ciki ba. Ta Cif Shonekan a 1993 ba ta cika wata uku ba Abacha ya karɓe ƙwaryar. Gwamnatin jam'iyyu da yawa kuwa haɗin gambiza ce, kuma duk mai jin Hausa ya san ba yabo ba ne.

Tazarce ta fi su tafiya. Ta yi tashe a ƙarshen zamanin Abacha, lokacin da jam'iyyu biyar suka tsayar da shi shi kaɗai a 1998, har teloli suka sa wa wata doguwar riga sunan. Ta dawo a 2006 da yunƙurin wa'adi na uku na Obasanjo. A 2009 Tanja Mamadu ya ɗauke ta a Nijar, jaridun Faransanci suka rasa fassara suka riƙa rubuta ta yadda take, har sojojin Salu Jibo suka kawo ƙarshen zancen a watan Fabrairun 2010.

Wani wuri kuma Hausa ta ƙi bin Turanci. Babangida, da ya hau a 1985, ya zaɓi laƙabin da zaɓaɓɓun shugabanni ke amfani da shi, wato President, saɓanin sojojin da suka gabace shi. A Turance an yi ta surutu a kai. A Hausa ba a ga komai ba, shugaban mulkin soja dai aka ci gaba da cewa, farar hula kuma farar hula.

Gurguzu da jari-hujja nau'in gwamnati ne?

Tsarin dukiya ne, wa ke mallakar gona da masana'anta. Amma da yake ƙasashen gurguzu irin su Sin da Kyuba jam'iyya ɗaya ce ke mulkinsu, sai kalmar ta ɗauki ma'anar biyu a bakin mutane.

Akwai sauran ƙasashen da sarki ke mulki da gaske?

Akwai. Saudiyya, wadda Sarki Abdul'aziz ya haɗa a 1932, da Oman da Brunei masu sultan, da Ƙatar mai amir, da Eswatini a kudancin Afirka. A Maroko akwai majalisa da zaɓe, amma sarki ne ke riƙe da soja da sha'anin addini, kuma shi ma Amirul Muminina ake ce masa. Maleshiya ta fito da nata salo: sarakunan jihohi tara ne ke karɓa-karɓa, kowa shekara biyar. Larabci ya bambanta malik da amir da sultan, har Bahrain ta sauya daga amir zuwa malik a 2002, mu kuwa a labaranmu Sarkin Bahrain ne jiya, Sarkin Bahrain ne yau.

Inda Hausa ta ɗan yi ƙaranci shi ne wajen wanda ke sama da sarakuna. Haile Selassie na Habasha, da aka tumɓuke a 1974, sarkin sarakuna yake kiran kansa, amma kunnen Musulmi ba ya son jin an ba ɗan Adam wannan suna, sai a ce Sarkin Habasha a wuce. Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya ɗora wa kansa irin wannan kambi a Bangui a 1977, bai cika shekara biyu da bikin ba aka kore shi.

Sarkin Hausawa na Ibadan ko Sarkin Zango na Kumasi, sarakuna ne na gaske?

Na gaske ne a kan jama'arsu, amma ba su da ƙasa. Fatake da 'yan goro da masu shanu, duk inda suka yada zango sukan tsayar da babba wanda zai saukar da baƙo, ya raba rigimar ciniki, ya tsaya musu a gaban mai gari. A Kumasi mai garin shi ne Asantehene, a Ibadan Olubadan. A Sudan akwai wanda ya fi wannan: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahirun da aka kashe a Burmi, ya kai ragowar masu hijira bakin kogin Nilu, garin da suka kafa yana ɗauke da sunansa, zuriyarsa kuma sultan ake ce musu.

A dokar Nijeriya ta yau, wane iko sarki yake da shi?

Tsarin mulkin 1999 bai ba shi kujera ba. A Jamhuriya ta Farko akwai Majalisar Sarakuna a Kaduna, doka ba ta wucewa sai ta bi ta gabansu. Sojoji suka zo suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, aikin da ya fi haɗa hakimi da talaka. Abin da ya rage dokar jiha ce ke tsara shi, kuma gwamna ke naɗawa, shi ke tuɓewa. An sauke Sanusi na Ɗaya a 1963 aka kai shi Azare, Ibrahim Dasuƙi a 1996, Mustapha Jokolo na Gwandu a 2005, Sanusi na Biyu a 2020, sannan wata gwamnatin ta dawo da shi a 2024, magana ta tafi kotu.

Duk da haka, ranar da aka tashi yin rigakafin shan inna a ƙauyen da ya ƙi yarda, ba kansila ake turawa ba. Fada ake zuwa, sarki ya kira hakimai, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya tara masu unguwa, kafin la'asar sanƙira yana zagaya gari. Ɗan takarar gwamna ma, wanda in ya ci zai iya tuɓe sarkin da takarda ɗaya, in ya shigo gari yaƙin neman zaɓe fada yake fara sauka, ya cire takalminsa a ƙofa.